Me ya sa Murtala ya nace sai ya ƙetare Kwara ta Asaba?

Wani matashi daga Kawo, nan cikin Kaduna, ya aiko da tambaya. Ya ce marigayi kakansa yana cikin sojojin Runduna ta Biyu a yaƙin basasa, kuma ya taso yana jin tsofaffin soja suna cewa a Anaca, wato Onitsha, ruwa ya ci mutane kamar yadda harsashi ya ci. Yana son ya sani: da gaske ne hedikwatar soja a Legas ta shawarci Kanar Murtala Muhammed kada ya ƙetare kogi daga Asaba, ya ƙi ji? In haka ne, taurin kai ne kawai ko yana da hujja? Kuma me ya sa ba a sami mai taka masa birki ba?

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka da sauran mazan jiya. Na daɗe ina koyar da wannan yaƙin ga ƙananan hafsoshi kafin in ajiye kaki, kuma ga inda na tsaya. Sau uku aka yi yunƙurin ƙetare kogin. Yunƙurin farko kasada ce, amma kasada mai hujja, wadda kwamanda zai iya tsayawa gaban kowa ya kare. Na biyu da na uku ba su da abin kariya. Tushen matsalar kuwa ba a bakin kogi yake ba, yana can sama, a yadda aka bar kowane kwamandan runduna ya zama sarkin kansa. Sai dai ba za ka ga haka ba sai mun koma farkon yaƙin.

Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara ɓarin wuta ranar 6 ga Yuli ta wajen Ogoja da Nsukka. Sojojin da suka buɗe fagen daga nan Arewa suka tashi, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, su ne suka zama Runduna ta Ɗaya da hedikwatarta ke unguwarku har gobe. Kafin yaƙin, sojan Najeriya gaba ɗaya kimanin mutum dubu goma ne, kuma kaso mafi tsoka na horarrun da suka rage bayan juyin mulki biyu na 1966 Shuwa ne ya tafi da su. Gwamnati ta ɗauka 'yan makonni za a yi a gama, har tana kiran abin aikin 'yan sanda. Jihar Tsakiyar Yamma, mai hedikwata a Binin, aka bar ta da ɗan abin da ke cikinta, gwamnanta David Ejoor yana ta ƙoƙarin kada a mai da masa ita fagen fama.

Da asubahin 9 ga Agusta sai ga jerin motoci cike da sojojin Biyafara, Victor Banjo na jagorantarsu, sun hau gadar Anaca sun shiga Asaba. A ranar suka kwana a Binin, kusan ba wanda ya tare su. Banjo ya tsaya kwanaki a can ana kai ruwa rana tsakaninsa da Ojukwu kan wanda zai riƙe jihar, sannan ya ci gaba har Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas. A ganina waɗannan kwanakin da ya ɓata su suka ba gwamnatin tarayya numfashi, domin a cikinsu aka harhaɗa Runduna ta Biyu.

Harhaɗawa kuwa ta gaske. Masu dafa abinci a bariki, akawuna, direbobi, 'yan fansho da aka kira suka dawo, tsofaffin da suka yi yaƙin Bama, da sababbin kurata waɗanda horonsu bai wuce na 'yan makonni ba. Aka danƙa su a hannun Murtala, yana ɗan shekara 28. Ya yi makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, ba wanda ke shakkar jarumtarsa, amma asalin aikinsa sigina ne, wato sadarwa. Kada ka ɗauka shi kaɗai ne yaro a wurin. Gowon kansa bai cika 33 ba a lokacin, kuma duk kwamandojin nan babu wanda ya taɓa jan runduna mai girman haka ko a atisaye, balle a gaban wuta.

Da wannan tarkacen Murtala ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Bai tsaya yana ture-ture da abokan gaba a kan hanyar Ore kaɗai ba, ya zagayo da ƙarfinsa ta Okene ya gangaro ta Auchi, sojojin Biyafara suka ga ana shirin datse musu hanyar gida, suka watse. Ranar 20 ga Satumba ya shiga Binin. Mutanen Benjamin Adekunle, wanda ya jagoranci Runduna ta Uku, kuma suka ɓullo ta ruwa suka karɓe Warri da Sapele. Farkon Oktoba Runduna ta Biyu tana Asaba. Darasin da Murtala ya ɗauka daga waɗannan makonnin shi ne sauri na biya: in ka matsa wa maƙiyi lamba ba ka bar shi ya zauna ba, da kansa zai zubar da makami. Kuma a kan tudu gaskiyarsa ne. Abin da ya sha masa kai shi ne ɗaukar darasin tudu ya kai shi ruwa.

Kafin mu shiga ruwan akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake ba ka tambaya ba. Ranar 7 ga Oktoba 1967 sojojin tarayya suka tara mutanen Asaba da suka fito tarbarsu suna kiran Najeriya ɗaya, suka ware maza da samari a Ogbe-Osawa, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Wannan ta'asa ce, ta saɓa wa ƙa'idar yaƙin da Gowon ya rarraba wa sojoji a rubuce, kuma daga baya shi da kansa ya nemi gafarar mutanen garin. Na kawo shi ne don yana da alaƙa kai tsaye da tambayarka ta fuska biyu. Ya nuna cewa riƙon da hafsoshi ke yi wa wannan rundunar sako-sako ne, kuma sojan da bai ji magana a Asaba ba ba zai ji ta a kasuwar Anaca ba. Sannan labarin ya ƙetare kogi kafin jirage su ƙetare. Mutanen da kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa suka riga suka cika wa zuciya da tsoro yanzu sun sami tabbacin cewa miƙa wuya ba zai cece su ba. Wanda ya yi imani da haka ba ya gudu da wuri.

To, ga Murtala a Asaba, ga Anaca yana hange a ƙetare. Gadar da ta haɗa su, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wadda ba ta cika shekara biyu da gamawa ba, sojojin Biyafara sun sa mata nakiya sun karya bayan sun haye. Hanya biyu ta rage. Ko a zuba sojoji a jirage a tsallaka nan take a gaban bindigogin abokan gaba, ko a koma arewa zuwa Agenebode, a haye zuwa Idah ta ƙasar Igala inda gwamnati ke iko da gaɓa biyun, babu mai harbin kowa, sannan a gangaro ta yankin Inugu a zo wa Anaca ta bayan gida. Gaskiya ne, ta biyun Legas ta fi so, kuma wasu daga cikin manyan hafsoshinsa ma ita suka zaɓa. Laftanar Kanar Alani Akinrinade, ɗaya daga cikin kwamandojin birged ɗinsa, bai ɓoye rashin amincewarsa ba, saɓanin da ya kai shi ga barin rundunar ya koma wajen Adekunle.

Yanzu sa kanka a takalminsa, ko in ce zauna a kujerarsa ka duba taswirar da ke gabansa. Inugu, hedikwatar Biyafara, ta faɗa hannun Runduna ta Ɗaya ranar 4 ga Oktoba, T. Y. Ɗanjuma na gaba. Gwamnatin Ojukwu ta kwashe ta koma Umuahia. Ita da kanta ta sa an harbe Banjo da wani hafsanta, Ifeajuna, da wasu biyu a watan Satumba bisa zargin cin amana, don haka hafsoshin Biyafara kowa na zargin kowa. Adekunle yana shirin faɗa wa Kalaba, wadda ya kama ranar 18 ga watan. Wanda duk ya dubi wannan zai ce gini ne da ke rawa, tura ɗaya yake jira. Anaca kuma ba ƙaramin gari ba ne: kasuwarta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, daga ita kuma hanya ta miƙe zuwa Nnewi, mahaifar su Ojukwu, ta wuce Owerri. Zagaye ta Idah zai ci makonni, kuma kowane mako kyauta ce ga maƙiyi ya haƙa ramuka ya horar da sababbin mutane. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wannan hujja ce ta soja, ba ta mahaukaci ba.

Akwai kuma wadda ba a rubuta ta a takardar umarni. Bin ta Idah yana nufin Murtala ya ratsa ta bayan Shuwa, ya bi hanyoyinsa, ya jira izininsa, wataƙila ma ya roƙe shi mai da albarusai. Su biyun tare suka yi Barewa a Zariya, tare suka yi horon soja, amma halinsu ya sha bamban. Shuwa ba ya ɗaga ƙafa sai ya tabbatar da abinci da harsashi sun iso, hagu da dama kuma a tsare suke, shi ya sa ake yi masa gorin jinkiri amma ba a cika jin ya zubar da mutane ba. Murtala kuwa wuta ne. Shuwa ya ci Inugu, shi ma yana son Anaca ta zama tasa, da hannunsa, ta ƙofar gaba. Wanda ya ce maka kishi irin wannan ba ya shiga lissafin manyan kwamandoji bai zauna da su ba.

Sai mu zo kan aikin kansa, domin nan ne mafi yawan masu ba da labarin ke wucewa da sauri. A duk ayyukan sojan ƙasa kaɗan ne suka kai ƙetare babban kogi a gaban maƙiyi wuya. Ka je bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji a watan Agusta ka ga yadda ruwan ke tafiya, sannan ka ninka faɗinsa sau da yawa, ka sa mutum da bindiga mai jigida a ɗaya gaɓar. Kwara a Asaba ke nan, kuma Satumba zuwa Oktoba ne lokacin da take cika maƙil, bayan ta haɗiye ruwan Binuwai a Lakwaja. Yashin da ke fitowa tsakiyar kogi da rani duk yana ƙarƙashin ruwa. Anaca kuma a kan tudu take, wanda ke can yana ganin duk abin da ya motsa a Asaba.

Mutane suna ɗauka wahalar ita ce isa ɗaya gaɓar. A'a. Kashi na farko yakan isa, musamman da dare. Yaƙin na gaskiya tsere ne da ke farawa bayan an sauka: wa zai riga tara ƙarfi a wurin, kai da kake kawo mutane da jirgi ko shi da yake kawo nasa da mota a kan kwalta? Ɗauki misali kawai don lissafi. A ce jirginka yana cin mutum ɗari biyu, kuma lodi da tafiya da saukewa da dawowa suna cin awa biyu. Daga tsakar dare zuwa wayewar gari 'yan ɗaruruwa ka tsallakar, ba ka kawo abinci ba, ba ka kawo ƙarin harsashi ba, ba ka kwashe masu rauni ba. In injin jirgin ya mutu a sawu na biyu, waɗanda ke can sun zama marayu: gaba maƙiyi, baya ruwa. Shi ya sa ƙa'idar aikin take cewa a tsallaka ta wurare da yawa lokaci guda don maƙiyi ya rasa wanne ne na gaske, a yi ta ruɗarsa da motsin ƙarya, a tanadi jirage fiye da buƙata da makanikai a tsaye, a tura mai gyara wa igwa saiti tare da kashin farko da oba-oba mai aiki. Uwa uba, waɗanda suka fara sauka ba shiga gari ne aikinsu ba. Aikinsu su kama bakin ruwan da tudun da ke kallonsa, su haƙa ramuka, su zauna daram har sai na baya sun cika. Sojan da bai haƙa rami a awa biyun farko ba, da wuya ya sami damar haƙawa.

Auna abin da Runduna ta Biyu ke da shi da wannan ma'auni. Jiragen fito ne da kwale-kwalen farar hula da aka tattaro, ba na yaƙi ba. Yawancin sojojin 'yan tudu ne, ba su iya iyo ba, wasu ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba, ga takalmi ga bindiga ga jigidar harsashi a wuya. Kwanakin da aka yi ana luguden igwa daga Asaba sun kori farar hula daga Anaca, amma sun kuma gaya wa kwamandojin Biyafara daidai inda za a zo. Ba zato, ba ruɗi.

Duk da haka, wajen 12 ga Oktoba da aka yi yunƙurin farko, an sauka. Wannan shi ne abin da masu cewa haukar banza ce suke mantawa. Masu tsaron gaɓar suka ja da baya, sojojin tarayya suka kutsa cikin gari har babbar kasuwa. Na 'yan sa'o'i Murtala ya yi gaskiya. Daga nan komai ya kwance. Maimakon a kama tudu a tsare mashigan gari, sojoji da yawa suka bazu cikin rumfuna suna wasoson ganima, kasuwar ta kama da wuta. Ɗaukin da ya kamata ya biyo baya bai iso yadda aka tsara ba. Su kuwa mutanen Biyafara suka sami lokacin da suke nema, suka sake haɗuwa a bayan gari suka dawo da ƙarfi, Joe Achuzia na cikin waɗanda suka ja su, Kanar Conrad Nwawo kuma yana riƙe da yankin. Ɗan Kaduna ya kamata ya san wannan sunan: Nwawo ne aka turo nan garin a Janairun 1966 ya lallashi Nzeogwu ya tafi da shi Legas. Sojan da ya watse cikin lungunan garin da bai sani ba, babu hafsa a kansa, ba runduna ba ne kuma, ɗaiɗaikun mutane ne. Aka koro su zuwa bakin ruwa, inda babu ramin fakewa kuma babu isassun jirage. Nan ne maganar tsofaffin da ka ji ta samo asali. Waɗanda suka faɗa ruwa da kayan yaƙi a jikinsu kaɗan ne suka fito.

A nan nake raba hukuncina. Zuwa wannan daren, ana iya cewa kwamanda ya gwada sa'arsa, sojojinsa suka ba shi kunya. Amma da gari ya waye, duk dalilan da suka halatta kasadar sun ƙare. Maƙiyin da ake zaton ya karaya ya ɗanɗani nasara. Ya san mashigar, ya auna nisanta, ya kafa bindigoginsa a kanta. Jiragen sun ragu, zaratan da suka fi ƙwari su aka fara turawa kuma su aka rasa, na baya sun ga abin da ya sami na gaba. Amma aka sake, aka kuma sakewa, a wuri guda, da dabara guda. Waɗannan biyun ba su ma kai inda na farko ya kai ba, a kan ruwa aka tare su. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Masu tarihi sun saɓa kan yawan waɗanda aka rasa a yunƙurin ukun, amma ba wanda ya ce kaɗan ne.

Wannan ciwon ba na Murtala ba ne shi kaɗai, tsohon ciwon kwamandoji ne. A yaƙin basasar Amurka, a ƙarshen 1862, Janar Burnside ya isa bakin kogi a Fredericksburg kafin kayan gadarsa su iso. Da suka iso Janar Lee ya riga ya kafu a kan tuddan ƙetare, amma Burnside ya haye, ya yi ta aika mutane kashi-kashi zuwa tudu ɗaya, ya yi asarar sama da dubu goma sha biyu tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu. Shirin da aka gina kan sauri, in saurin ya kuɓuce, ya zama wani shiri dabam, amma mai shi yakan ci gaba da ganinsa kamar na jiya. Ga kuma nauyin jinin da aka riga aka zubar, wanda ke sa mutum ya ji in ya janye yanzu ya amsa cewa a banza suka mutu.

Shi ya sa soja ba ya barin irin wannan hukunci a hannun mutum ɗaya. Dole a sami na sama da shi, wanda zuciyarsa ba ta ɗaure da shirin ba, ya ce ya isa. Wannan ne ɓangare na uku na tambayarka, kuma amsarsa tana cikin Yulin 1966. Murtala na cikin jagororin juyin mulkin da ya kai Gowon kan kujera, kuma bai ɓoye cewa ba ya ganin Gowon ya fi shi haƙƙin wurin ba. Gowon kuma mutum ne mai lallashi, yana riƙe da soja da ƙasa da duk suke a tsage, yana tsoron abin da zai biyo baya in ya tsige kwamandan da ya ƙwato Binin makonni uku da suka wuce, wanda kurata ke ƙauna. Don haka abin da ya fito daga Barikin Dodan, fadar Gowon a Legas, ya zo da kamar shawara, ba oda ba. A soja kuwa tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce komai.

Ba Murtala kaɗai ke cin wannan gashin kan ba. Rundunonin uku kowace da mutanenta a baya masu ɗaukar mata kurata da nemo mata kaya, har ana rige-rigen makaman da suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas. Babu wata hedikwata a kusa da fagen daga da ke haɗa motsinsu. Da akwai, abin da hankali zai bayar a Oktoban 1967 a fili yake: Runduna ta Ɗaya ta matso daga Inugu ta hanyar Awka, tazarar kilomita ɗari da 'yan kai, ta janye masu tsaron Anaca zuwa gabas, sannan Runduna ta Biyu ta haye a ranar da aka tsayar tare. Ko Shuwa zai iya hakan a lokacin, da mutanensa a gajiye bayan Inugu, abin muhawara ne. Amma ba a ma zaunar da su biyun an tilasta musu shiri ɗaya ba. Wannan ya ba Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, damar da duk mai ƙarancin mutane ke addu'ar samu: yana tsakiya, hanyoyinsa gajeru, yana kwasar bataliya ɗaya daga inda aka yi shiru ya kai ta inda wuta ta tashi, ya dawo da ita kafin ɗayan ya farka.

A ƙarshe dai ta Idah aka bi. A watan Disamba rundunar ta haye ba tare da an harba mata ko harsashi ɗaya ba, ta gangaro ta yankin Inugu, ta bi ta Udi da Awka da Abagana. Adalci ya sa in faɗa maka cewa tsoron Murtala bai zama ƙarya ba: tafiyar ta ci kusan wata uku ana gwabzawa, Anaca ba ta faɗi ba sai 21 ga Maris 1968. Cikin matasan hafsoshin da suka yi wannan aikin har da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Sai dai kada a manta wata biyun da aka zubar a bakin kogi, da mutanen da aka zubar tare da su, suna cikin abin da ya tsawaita ta.

Kuma halin bai canza ba, wuri kawai ya canza. An yi sauri an shiga gari, an bar doguwar hanya a baya ba tare da an share dazukan da ke gefenta ba. Kwana goma bayan kama Anaca, ranar 31 ga Maris, ayarin motoci kusan ɗari ɗauke da mai da albarusai da sojoji ya taso don ya riski na gaba. A Abagana mutanen Manjo Jonathan Uchendu suna kwance a gefen hanya. Motocin suna tafe bumbutu-bumbutu, gaban wannan a bayan wancan, tankar mai kuma tana tsakanin motocin harsashi. Harbi ɗaya ya sami tankar, yawancin masu ba da labarin suna cewa da ogbunigwe ne, bam ɗin da Biyafara ke ƙerawa da hannunta. Sauran aikin wuta ce ta yi shi, mota na kunna mota a kan siririyar hanyar da ba wurin juyawa. Duk kurtun da ya yi kwas ɗin tafiyar ayari ya san dokokin da aka karya a ranar: a bar tazara tsakanin motoci, a raba mai da albarusai, a tura 'yan sintiri su hau duk tudun da ke kallon hanya kafin mota ta farko ta iso, a kuma karkasa babban ayari gida-gida.

Bayan Abagana Murtala bai daɗe a kan rundunar ba, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓe ta. Ya tarar da runduna mai riƙe da kangon gari, ana ciyar da ita ta jirgi daga Asaba, domin ɗan guntun hanyar da ke tsakanin Anaca da Abagana ta wajen Nkpor ya ci gaba da zama a hannun Biyafara kusan har ƙarshen yaƙi, ta nan suke ratsawa zuwa gonakin kwarin Anambra. Nnewi, da aka ce daga Anaca taku kaɗan ne, ba a shige ta da yaƙi ba. Filin saukar jirage na Uli, a kan hanyar Anaca zuwa Owerri, wanda ya zama maƙogwaron Biyafara bayan faɗuwar Fatakwal a Mayun 1968, ya ci gaba da karɓar jirage da dare har Janairun 1970. Sai a Mayun 1969, bayan Biyafara ta ƙwace Owerri daga hannun Adekunle, Gowon ya yi abin da bai iya yi ba a 1967: ya sauya kwamandojin uku a lokaci guda, Iliya Bisalla ya gaji Shuwa, Gibson Jalo ya gaji Haruna, Obasanjo ya gaji Adekunle. Daga nan zuwa miƙa wuyan da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya yi a Barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970, wata takwas ne.